CIWON SUKARI GA MAI JUNA BIYU: ƘWAYA KO ALLURA?

Akwai matan da ciwon sukari ba ya bayyana gare su sai sun ɗauki ciki. Dalili kuwa, mabiyiya tana fitar da waɗansu sinadarai masu rage ƙarfin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari cikin jini. In aka yi sakaci, ɗa yakan yi girma har ya wuce kilo 4, naƙuda ta yi tsanani, wani lokaci sai an yi tiyata. Shi ya sa ake auna jinin mai ciki tsakanin mako na 24 da na 28.

Matakin farko shi ne gyara abinci da yin tattaki bayan an ci. In sukari bai sauka ba, sai likita ya ba da magani.

Shin ƙwaya tana aiki?

Tana yi, amma ba ga kowa ba. Wadda aka fi bayarwa ita ce Metformin. A 2008 an bayyana sakamakon wani bincike da aka yi kan mata 751 a Ostareliya da Niyuzilan. Jariran waɗanda suka sha ƙwayar ba su fi na masu allurar insulin samun matsala ba. Sai dai mata 46 cikin ɗari na masu shanta sai da aka haɗa musu da allura. Takan kuma jawo tashin zuciya ko gudawa a farkon sha.

Ita kuwa Glibenclamide, an lura jariran masu shanta sun fi fuskantar faɗuwar sukari bayan haihuwa, don haka likitoci ke kaffa-kaffa da ita.

Ƙwayoyin nan biyu suna ratsa mabiyiya su isa ga ɗa. Insulin ba ta ratsawa. Saboda haka kada mace ta tsorata in an ce sai allura.

Abin kiyayewa

Ana so awon sukari ya kasance ƙasa da 95 kafin karin kumallo, ƙasa da 120 awa biyu bayan cin abinci. Kada a sayi ƙwaya a kemis ba da takardar likita ba, kada kuma a ari ta maƙwabciya. Mai ciwon sukari tun kafin ciki ta ga likita a duba magungunanta. Bayan haihuwa da mako 6 zuwa 12, a koma a sake awo.

Magidanta, ku bar iyalinku su je awon ciki da wuri. Rigakafi ya fi magani.