Shuɗin layi a tsofaffin taswirorin Nebaraska

Cikin taswirorin da nake koyar da ɗalibaina da su, babu waɗanda suka fi jan hankalina kamar tsofaffin taswirorin tudu da kwari na yankin Tuddan Yashi da ke jihar Nebaraska a Amurka. Ƙasa ce ta ciyawa da shanu, mai ƙarancin jama'a, wadda ta mamaye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jihar. Hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1879, ta soma irin wannan zane a 1884 ƙarƙashin John Wesley Powell.

Mai karatu zai ga layuka masu ruwan ƙasa suna nuna tsayin tuddai, shuɗi kuma yana nuna ruwa. Layin da bai yanke ba kogi ne mai gudu rani da damina, irin su Niobrara da Loup, waɗanda taskar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta Ogallala ke shayarwa. Layi mai tsinke-tsinke kuwa rafi ne mai ƙafewa. Har injinan iska masu jawo wa shanu ruwa an sa musu alama.

A ganina, waɗannan takardu shaida ne a wata tsohuwar muhawara. Dokar rabon filaye ta 1862 ta ba kowane magidanci eka 160. A rahotonsa na 1878, Powell ya yi gargaɗin cewa a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama makiyayi na buƙatar eka 2,560, kuma a yanka filaye ta yadda kowa zai samu mashaya. Majalisa ta yi kunnen uwar shegu. A 1904 dokar Kinkaid ta ƙara rabon zuwa eka 640 a yammacin Nebaraska, amma yashi bai karɓi garma ba. Da yawa suka sayar wa masu manyan garkuna, suka tashi.

Tun 2011 hukumar ta soma ɗora tsofaffin taswirorinta a intanet kyauta. Wanda ya jera na jiya da na yau zai gane inda tafki ya janye da inda gida ya zama kufai. Shawarata ga masu tsara rabon ƙasar kiwo ita ce su fara bin shuɗin layi kafin su ja layin iyaka, domin inda dabba za ta sha shi ke yanke hukuncin wanda zai zauna.