Alsawra: Yadda dankalin tsakar gida ya rufa asiri lokacin da kasuwa ta gagara

Duk wanda ya taɓa zama a Sudan ya san cewa dankalin Hausa, wanda mutanen Sakkwato da Ƙonni ke kira kudaku, a nan sunansa bambai. Kafin yaƙi ba wani abinci ne mai daraja ba a Khartum da Omdurman. Akan dafa wa yara da yamma ko a gasa lokacin sanyi, kuma daga gonakin bakin kogi ake kawo shi, har da na jihohin Sinnar da Shuɗin Nilu. A can ne 'yan uwanmu Hausawa da Fulani suka daɗe suna noman lambu, tun zamanin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno. Mu mutanen birni kuwa, namu saye ne kawai.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Unguwarmu Alsawra, wadda ke arewacin Omdurman a ƙaramar hukumar Karari, ta kasance a hannun soja, don haka jama'a suka yi ta kwararowa daga sauran unguwanni, gidan mutum bakwai ya koma na mutum ashirin. Babbar kasuwar Omdurman ta zama kufai, kasuwar Libiya ta faɗa hannun RSF, hanyoyin da ake kawo kayan gwari suka toshe. Kasuwar Sabrin ce ta zama madogarar kowa, ita ma ba ta tsira ba, domin ranar 1 ga Fabrairu, 2025 an yi mata ruwan bama-bamai, inda ma'aikatar lafiya ta ce mutum 54 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Tun kafin wannan ranar ma, magidanci kan yi tunani sau biyu kafin ya aiki yaro cefane, iyalai da yawa kuma suka koma dogaro da takaya, wato wuraren dafa abincin taimako da matasan unguwanni ke gudanarwa.

A wannan hali ne na tuna da tsakar gidanmu. Gidajen Alsawra suna da fili, wanda ake kira hosh, sai dai ƙasar tsakuwa ce da tauri, ruwan sama kuma bai taka kara ya karya ba, 'yan kwanaki ne tsakanin Yuli da Satumba. Tumatir da albasa suna son ruwa kullum, ga tsadar iri. Dankali kuwa ba ya buƙatar irin kanti, reshensa ake yanka a dasa, cikin wata uku zuwa huɗu a tona, kafin nan kuma ana tsinkar ganyensa a yi miya ko kwaɗo.

Gaskiya dasawata ta farko kunya na sha. Na tula takin awaki ɗanye a fili shimfiɗaɗɗe, na yi ta ambaliyar ruwa, ganye ya yi kore shar har maƙwabta na yaba mini. Da na zo tono sai saiwa siririya kamar yatsa. Wata tsohuwa da ta yi gudun hijira zuwa gidanmu, wadda ta tashi a gonar bakin kogi, ita ta nuna mini inda na kuskure bayan ta gama dariya: taki mai yawa ganye yake ciyarwa, kuma dankali ba ya yin ƙwaya sai a ƙasa mai laushi wadda aka tara ta yi tudu.

Yadda muka koma yi shi ne, a haɗa ƙasar bakin kogi da yashi da ruɓaɓɓen taki kaɗan da tokar murhu, a ja kunya mai tsayi zuwa kusan gwiwa. Inda ƙasa ta gagara tono sai a cika tsohon buhu, a huda gindinsa don ruwa ya tsane. A yanko kan reshe mai lafiya kamar santimita 30, a binne gaɓa biyu ko uku, a bar tazarar santimita 30 tsakanin shuka da shuka. Da yamma ake dasawa saboda zafin rana. Makonni biyun farko ne yake son ruwa a kai a kai, idan ya kama kuwa, sau biyu a mako ya wadatar. A lokutan da famfo ya ɗauke muka koma sayen ganga daga masu karo, wato amalanken jaki, ruwan alwala da na wankin hatsi muke tarawa mu zuba masa. Na sabulu ne ba mu yarda da shi ba.

Babban abokin gabar dankali wani ɗan ƙwaro ne mai kama da tururuwa. Ba ya iya tona ƙasa, ta tsagar da ƙasa ke yi idan ta bushe yake bi ya kai ga ƙwayar, ya yi ƙwai a ciki, dankalin ya yi ramuka ya yi ɗaci. Maganinsa ba a kanti yake ba: a riƙa turo ƙasa ana rufe tsaga, kuma kada a bar dankali ya daɗe a ƙasa bayan ya nuna. 'Yan kasuwar da suka taɓa kwance buhu suka tarar rabinsa ya lalace sun san wannan ƙwaron ko da ba su taɓa ganinsa ba.

Amma abin da ya fi komai wuya shi ne riƙe iri. A watan Mayu zafin Omdurman kan haura digiri 40, reshe ya ƙone, wanda ya tsira kuma akuya ta gama da shi. Haka na rasa nawa a bazarar 2024. Akwai wata dabara da Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya, CIP, ke koya wa manoman ƙasashen da rani ke tsawo, kuma na gwada ta yi. A zaɓi ƙananan dankali marasa rauni, a jera su a baho cikin busasshen yashi, a ajiye a inuwa, ana dubawa ana cire wanda ya ruɓe. Saura mako shida zuwa takwas damina ta faɗi sai a fito da su a binne a ɗan lambu ana ba su ruwa, su yi tsiro, a yanki reshe a dasa.

Wanda zai nemi iri, in da hali ya nemi mai jan ciki, launin lemo, domin yana ɗauke da sinadarin bitamin A da ke kare idon yara. Aikin yaɗa shi a Afirka ne ya sa masana, ciki har da Maria Andrade da Robert Mwanga, suka sami Kyautar Abinci ta Duniya a 2016, kuma a Nijeriya cibiyar bincike ta Umudike ta fitar da nau'insa da ake kira Mother's Delight. Ni dai fari na samu a Sabrin, shi na dasa.

Masu karatunmu na Jibiya da Illela da Maigatari da Ɗan Isa ba su ga irin yaƙinmu ba, Allah kada Ya nuna musu, amma sun san rufewar hanya. Sun gani a watan Agusta na 2019 da Nijeriya ta rufe iyakokinta har zuwa Disambar 2020, sun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ba zan ce kunya uku ko buhu goma za su ciyar da gida ba, ƙarya ne, ba su kai buhun dawa ba. Abin da suka yi mana shi ne, a ranakun da ƙarar igwa ta hana fita, an ɗora tukunya, yara sun ci sun kwanta.

Tun da soja suka karɓe fadar shugaban ƙasa a watan Maris na 2025, hanyoyi sun fara buɗewa, bambai ya dawo kasuwa, baƙinmu da yawa sun koma gidajensu. Tsohuwar nan ma ta tafi, da ƙullin reshe a jiƙaƙƙen tsumma. Bahon yashin yana nan ƙarƙashin gado, maiɗakina na ta mitar in mayar mata da abinta, na ce ta yi haƙuri sai watan Mayu.