Wasa da Alƙalami: Yadda Hannun Almajiri Ke Nuna a Tsangaya

Yawancin nazarce-nazarcen da aka yi a kan tsangaya sun fi karkata ga hadda da matakanta, tun daga kolo da tittibiri har zuwa gwani da gangaran. Ɓangaren da bai sami kulawa sosai ba shi ne yadda hannu ke koyon rubutu, musamman irin koyon da ake yi a wajen darasi, wanda idan ba a lura ba sai a ɗauke shi wasan yara kawai.

Wasan yana farawa ne tun daga sunayen baƙaƙe. A matakin babbaƙu, yaro ba ya jin sunan harafi tsurarsa, sai haɗe da siffarsa: ba guje, ha kuri, mim jaye, nun ara, alu ja, ɗa mai hannu. Wasu sunayen kwatance ne na yadda alƙalami zai bi, ko ya gudu, ko ya dunƙule, ko a ja shi. Saboda haka harafi ɗaya kan sami suna fiye da ɗaya gwargwadon mazauninsa a kalma, kuma yaron da ya rera sunan ya riga ya ji umarnin zana shi. Wannan hikima ce ta koyarwa da ta cancanci a yi mata nazari na musamman, domin ta mayar da ƙa'idar rubutu abin rerawa.

Kayan aikin ma suna ba da damar gwaji. Allo ana wanke shi, tawadar zuge da ake haɗawa da gawayi da ƙaro ba ta kama itace har abada, alƙalamin kara kuwa ba shi da tsada. Kuskure ba ya jawo asara. Shi ya sa almajiri kan zana harafi a ƙasa da yatsa, ya share, ya sake. Ya fiƙe alƙalami da faɗin baki yau, gobe ya sirantar da shi don ya ga bambanci. Ya kwaikwayi hannun wani gardi da ya burge shi har abokai su gane wanda yake kwaikwayo. A nan ne yake gano cewa kaurin layi daga fiƙa yake, kuma tsayuwar harafi daga riƙo take. Malami bai cika faɗar waɗannan da baki ba.

Zayyana ita ce inda wasan ke zama sana'a. Mai ƙawata allon sauka, ko mai zana alamomin sumuni da rubu'i da nusufi a gefen shafi, sai ya iya sarrafa da'ira da layi da launi. Launukan kuma ba ado ne zalla ba. A mus'hafin Warshu na hannu, baƙi na jikin harafi ne, ja na wasali, rawaya na hamza, kore kuwa na alifin wasla. Wanda ya saba canza alƙalami da launi tun yana yaro ba ya ruɗewa ranar da ya zauna rubuta Alƙur'ani da ka, da tawadar yambari wadda ba ta gogewa.

Salon da ake koyo ba iri ɗaya ba ne. A. D. H. Bivar ya jawo hankalin masana ga wani Alƙur'ani na Borno mai ɗauke da kwanan wata na 1669, daga baya kuma Andrea Brigaglia da Mauro Nobili suka fayyace siffofin rubutun Barnawi, bayan Brigaglia ya yi bayanin na Kanawi a 2011. Dukansu suna bin ɗigon Magariba, wato fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Rubutun Kanawi mai kauri ya bazu ne ta hanyar ɗab'i, domin 'yan kasuwar littattafai sun riƙa buga ainihin hannun marubuta irin su Sharif Bala Gabari suna sayarwa a Kurmi da sauran kasuwanni. Abin lura, a nan na'ura ba ta kashe hannu ba, yaɗa shi ta yi, har ya zama abin kwaikwayon almajiran da ba su taɓa ganin marubucin ba.

Yanayin ya sauya a makarantun Islamiyya, inda biro da littafin rubutu da mus'hafin Hafsu mai rubutun Nasahi suka maye gurbin allo. Biro ba a fiƙe shi, bakinsa ɗaya ne, kuma takarda kuɗi ce, don haka filin gwaji ya ƙuntata. Tasirin wannan ya iso har sassan Hausa na jami'o'i: ɗalibi kan iya karanta Larabcin bugu sarai, amma a miƙa masa waƙar ajami ta ƙarni na 19 sai ya karanta ƙaf a matsayin fa, ko ya tsallake ɗigon imala da ke nuna wasalin e. Kwas ɗin ajami da ke tsayawa ga juyar da rubutu zuwa boko ba ya magance wannan. Ɗalibin da aka ba allo da kara da tawada ya yi mako biyu yana kwaikwayon shafi ɗaya na Barnawi da ɗaya na Kanawi zai fi saurin gane inda marubuci ya ɗaga alƙalami da inda tawada ta zarce masa.