Kaka Ta Yi: Kada Lambun Gida Ya Tafi A Banza

  

Ya ku ɗalibai da iyayenmu, a nan Lausu da sauran ƙasar Rano da Kibiya ruwa yakan ɗauke a watan Oktoba, hunturu ya biyo baya. A lokacin hankalin kowa yana kan dawa da gyaɗa da wake, sai a manta da ɗan lambun bayan gida. Kuɓewa ta ƙosa a jikin uwarta, yakuwa ta zube, awaki su gama da sauran. In bazara ta zo, kayan miya sun yi tsada, gidan ya koma miyar kuka safe da dare. Alhali aikin mako biyu ya isa ya hana wannan.

Na farko, shanya. Ba komai ake bai wa rana ba. Kuɓewa da barkono da tattasai da tumatir, a yanka su a shanya a rana, bisa tabarma mai tsabta ko rumfa, ba a ƙasa ko bakin titi ba. Amma ganye, kamar zogale da rama da yakuwa da lalo, a inuwa ake busar da shi, inda iska ke ratsawa. Dalili kuwa, rana tana ƙone sinadarin da ke cikinsa mai taimakon ido, musamman idon yara. Ganyen da ya bushe yana nan kore shi ne mai amfani. Kabewa a yanke ta da ɗan wuyanta, a ajiye a wuri mai sanyi, za ta yi watanni.

Na biyu, ajiya. Abin da bai bushe ƙarau ba kada a zuba shi a buhu, domin zai yi fumfuna. Fumfunar gyaɗa da masara tana da dafi mai cutar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Wake kuwa, a sa shi a jarka busasshiya, a cika ta, a toshe bakin sosai, ko a buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Don Allah kada a yayyafa maganin ƙwari a kan abin da za a ci. Guba ce.

Na uku, iri. A zaɓi kuɓewa da barkono mafi kyau a bar su su nuna a jikin uwa. A busar da irin, a cakuɗa shi da toka, a rufe a kwalba, a rubuta sunansa da ajami ko da boko. Wannan aikinku ne, ɗalibai.

Na huɗu, shirin rani. Da an gama girbi za a saki dabbobi, don haka a yi danga da karan dawa tun da wuri. A zuba takin da ya ruɓe, a yi renon albasa da tumatir da salak, domin sanyin hunturu shi suke so. Maƙwabtanmu na Kadawa da Kura da Bunkure suna noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Wanda ba shi da kwata ta ruwa, yana da rijiya da buta. A riƙa yin alwala a gefen fangali, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. Kuma kada a dogara da shuka ɗaya: a 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki da yawa a Jihar Kano, kwando ya gagari talaka, masu kauɗa a ɗaka su ne suka sha miya.

Tanadi ba rashin tawakkali ba ne. Ku duba Suratu Yusuf, yadda Annabi Yusufu (A.S.) ya ba da shawarar a bar hatsi a zangarniyarsa don shekarun fari. A Suratul An'am, aya ta 141, an umarce mu da ba da haƙƙin amfani ranar girbi, an kuma hana ɓarna. A mazhabarmu ta Malikiyya babu zakka a kan kayan lambu irin su kuɓewa da ganye, sai hatsi da makamantansa in sun kai nisabi. Amma ƙofar sadaka a buɗe take. In an gama shanya, a ɗebi ƙwarya guda a kai wa maƙwabciyar da ba ta da mai yi mata noma.

Allah Ya sa wa amfaninmu albarka, Ya kai mu damina mai zuwa lafiya, amin.