Jirgin asibiti, ciwon haƙori, da tambayar dattijon Malanville

A shirinmu na lafiya na makon jiya wani dattijo ya bugo waya daga Malanville, ya ce turminsa na hagu ya daɗe yana hana shi barci, kuma ya ji wai akwai Turawa masu cire haƙori kyauta cikin jirgin ruwa a Kwatano. Tambayarsa biyu ce: jirgin yana nan? In kuma ya je, ba za su taɓa masa addini ba? Lokaci ya ƙure mana, amsar da na ba shi ba ta ƙosar ba. Shi ya sa na ce bari in warware maka ita a nan, mai karatu, don na san ba Baba kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Ta farko gajeruwa ce. Jirgin ba ya nan, kada ka ɓata kuɗin mota. Sunansa Africa Mercy, na ƙungiyar Mercy Ships ne, kuma zuwansa na baya-bayan nan ya iso tashar Kwatano a watan Agusta 2016, ya tashi a Yuni 2017. Kafin nan ya yi mana kusan shekara a 2009. Dā an shirya zai dawo a 2014, sai annobar Ebola ta sa aka karkata shi zuwa Madagaska. Manyanmu na Zongo kuwa sun fi tuna wanda ya riga shi, wato Anastasis.

Ƙungiyar ta Kirista ce, ba ta kuma ɓoye haka ba. Wani Ba'amurke, Don Stephens, da matarsa Deyon suka kafa ta a 1978, a ƙarƙashin wata ƙungiyar masu wa'azin bishara, daga baya ta tsaya da ƙafarta. Shi Africa Mercy asalinsa jirgin fito ne a ƙasar Denmark, mai ɗaukar taragon jirgin ƙasa, aka mayar da shi asibiti, ya fara aiki a 2007. Tsawonsa mita 152, da ɗakunan tiyata biyar, da gadaje wajen 80, da ma'aikata kusan 400 daga ƙasashe da dama. Abin da ke ba mutane mamaki, likitocin nan ba albashi suke ɗauka ba. Masu aikin sa kai ne, da yawansu ma coci-coci da 'yan uwansu ne ke tara musu guzurin zuwa. Dabarar jirgin kuwa ita ce ya zo da wutarsa da ruwansa da kayan aikinsa, ba ruwansa da ɗaukewar lantarkin gari.

Sai dai ga gyara ɗaya ga labarin da Baba ya ji. Aikin haƙori ba cikin jirgi ake yinsa ba. A tudu suke buɗe asibitinsa, a wani gini cikin gari, mutane su yi layi tun asuba, a duba baki, a fara da wanda nasa ya fi tsanani. Jirgin na manyan ayyuka ne: ƙari a fuska ko wuya, tsagaggen leɓe, maƙoƙo, yanar ido, karkatattun ƙafafun yara, yoyon fitsari.

To me ya sa yawancin waɗanda suka shiga layin haƙori da giɓi suke fitowa? Ba muguntar likita ba ce, mu ne muke zuwa a makare. Ka ga, abin da muke kira tsutsar haƙori ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne a baki, suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke cinye farin ɓawon haƙori sannu a hankali. A wannan mataki ba ciwo, ciko kaɗan ya wadatar. In ramin ya zurfafa sai ka fara jin tsami in ka sha ruwan sanyi ko shayi. In ya kai ga jijiya, shi ne daren da ba barci. Nan ne muke komawa ga kanumfari, da ƙwayar mai talla a tire, wasu har ruwan batir suke ɗigawa, wallahi na ji wannan da kunnena. Kwana biyu sai ciwon ya lafa, ka ce an dace. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ruɓa kuma tana ci gaba a gindi. Haƙorin da ya kai nan, gyaransa na son zuwa sau da yawa da kuɗi, likitan da ke da ɗaruruwan mutane a layi kuwa cirewa zai yi.

Wannan ka riƙe shi da kyau: in kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta gagara, to ba maganar jiran jirgi ko wanzami. Kumburin nan yana iya toshe maƙogwaro ya kashe mutum cikin kwanaki. Asibiti za ka nufa a daren. Haka yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme, wanda dasashinsa ke jini, bakinsa na wari, kumatu ya kumbura. Wannan yana iya zama cutar noma mai zaizaye fuska, wadda in an kama ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau ke tsayar da ita. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Yanzu tambaya ta biyu, wadda ita ce ainihin abin da ke ran Baba. Ƙungiyar ta ce tana koyi ne da Annabi Isa wajen jinƙan marasa lafiya, kuma tana duba kowa ba tare da tambayar addininsa ba. A cikin jirgin akwai masu kula da harkar ibada, ana waƙoƙin coci, ana addu'a, wani yana iya tambayarka ko ya yi maka. Kana da ikon cewa na gode, a'a, magani kuma ba ya tsayawa. Malamanmu da dama sun halatta neman magani wurin likita amintacce ko da ba Musulmi ba ne. In zuciyarka ba ta kwanta ba, tambayi limaminku kafin ka tashi. Ni dai a ganina, faɗin gaskiya ya fi: wa'azi yana cikin niyyar masu wannan aiki, kuma mutumin da ciwo ya durƙusar ba ya jin daɗin cewa a'a ga mai taimakonsa. Don haka tsoho ko yaro, a haɗa shi da ɗan rakiya mai wayo. Amma ba daidai ba ne mu riƙa yaɗa cewa suna sa wani abu a allura. Irin wannan jita-jita ta hana mutane maganin da suke buƙata.

Abin ma ba sabo ba ne a ƙasashenmu. 'Yan mishan na SIM sun buɗe asibitin Galmi a Nijar tun 1950, akwai na Bembèrèkè a arewacin Benin, ga na 'yan Katolika a Tanguiéta, kuma Musulmi ne da yawa ke cika layukansu, su koma gida da sallarsu. A ɓangarenmu kuma akwai irin su Direct Aid ta marigayi Dakta Abdurrahman As-Sumait na Kuwait, da gidauniyar Al-Basar mai aikin ido. Na lura dai ido ya fi haƙori samun masu agaji, ko don makanta ta fi fitowa fili ne, oho.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan tashin jirgi. Wata goma ya yi, haƙora kuwa ba su daina ruɓewa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki. Jirgi nawa zai ishe su? Ita kanta Mercy Ships ta gane haka, shi ya sa tun 2018 ta sa hannu a horar da ɗaliban likitancin haƙori a Jami'ar Gamal Abdel Nasser ta Konakiri. Can kuma a Tonga, wasu tsibirai a tekun Pasifik, likitocin haƙori 'yan sa kai daga Japan sun bi wata hanya daban: suka shiga makarantu tare da ma'aikatan ƙasar, suna koya wa yara goge baki da kuskure shi da ruwan fuloraid. Sunan shirin Malimali, wato murmushi da harshensu. Ba jirgi, ba tiyata, buroshi ne da malamin aji.

Mu ga shi muna da asuwaki, sunna ce kuma yana aiki, in dai an bi kowane haƙori ciki da waje, ba na gaba kaɗai ba. Haɗa shi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, ka tofar kada ka kuskure. Ka kuma dubi yawan sukarin da mai shayi ke zuba maka, da alewar da muke rufe bakin yara da ita.

Shi kuwa Baba na Malanville, ba sai ya zo har Kwatano ba. Babban asibitin Borgou da ke Parakou ya fi masa kusa, ya tambayi sashen haƙori. Mu na Zongo muna da CNHU Hubert Maga a nan cikin gari. In kana da hawan jini ko ciwon sukari, ko kana shan maganin tsinka jini, ka faɗa wa likita tun kafin ya ɗauko allura.