Kundin Kaka Ba Na Gara Ba Ne

A gidajen malamai da na tsofaffin fatake daga Bebeji zuwa Kiru, har can Tudun Wada da Doguwa a gefen dajin Falgore, da wuya ka rasa wata tsohuwar gafaka a rataye a turaka ko a ƙasan adaka. In ka kwance igiyarta, ƙanshin tsohuwar fata da hayaƙi ne zai fara tarbarka. A ciki akwai takardu warwatse, sun yi ja, an rubuta su da tawada da alƙalamin kara, wasu da Larabci, wasu da ajami. Wannan shi ne kundi.

Da yawa sun ɗauka addu'o'i da laƙani kaɗai ke ciki. Amma duba gefen shafi. Nan mai kundin kan rubuta ranar da aka haifa masa ɗa, da shekarar da fara ta cinye gero, da wanda ya ranta wa dami biyar na dawa, da iyakar gonarsa: daga tsamiya zuwa bakin rafi. Jikan da ya iya karanta wannan layi ɗaya zai iya kashe rigimar gona da ta gagari dagaci.

Ƙasar nan kuwa ta ga abubuwa. Ta sha hare-haren Ningawa a ƙarni na 19. A 1903 sojojin Turawa sun fasa Bebeji a hanyarsu ta cin Kano. A Bebejin nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. An yi yunwar Kakalaba a 1914, an haƙi kuza a Riruwai, sannan ruwan madatsar Tiga ya tashi ƙauyuka a shekarun 1970. Takardun gwamnati da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna sun ƙirga haraji da shanu. Yadda talaka ya kwana a waɗannan shekaru kuwa, sai a kundi ko a bakin tsofaffi. Abin da ya ɗaukaka littafin Baba ta Karo ke nan, wadda ta yi rayuwa a Zarewa ta kuma ba Mary Smith labarinta, aka buga a 1954: tsohuwar ƙauye ce ta faɗi abin da idonta ya gani.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake yi da kundin in mai shi ya rasu. Wani lokaci a raba shi kamar tufafin gado, wannan ya ɗau warƙa goma, wancan ashirin. Tunda takardun ba ɗinke suke ba, kalmar da ke ƙasan shafi ce kaɗai ke nuna wanda ke biye, to da an raba, zaren ya tsinke. Wani lokaci kuma babban wa ya kulle shi don tsoron asirin gida ya fita, gara da ɗigar damina su gama da shi.

Tsoron nan ba na banza ba ne, amma yana da magani. A ware shafukan sirri, su zauna a hannun magaji. Sauran a shimfiɗa su a inuwa, a ɗauki hotonsu da waya bi da bi, a samu malamin allo ya karanta ana naɗar muryarsa, a tura wa dangi na Kano da na Legas. Gidan Ɗan Hausa a Kano da Arewa House a Kaduna suna adana irin waɗannan takardu.

Mai karatu, in akwai gafaka a gidanku, ka roƙi Baffa ya sauko da ita kafin ruwan bana ya sauka.