Fim ɗin Umar Muktar a faifan 4K: hamada ta dawo da faɗinta

Da wuya a samu gidan kallo a Maraɗi ko Damagaram da bai taɓa nuna fim ɗin Umar Muktar ba. Sunansa na asali Lion of the Desert, Mustafa Akkad ɗan ƙasar Siriya ne ya shirya shi, da kuɗin gwamnatin Libiya ta zamanin Gaddafi. Anthony Quinn ya fito a matsayin dattijon malamin da ya share shekara 20 yana yaƙar sojan Italiya, har suka rataye shi a Suluƙ ranar 16 ga Satumba 1931. Sai dai yawancinmu ba mu taɓa ganin hoton fim ɗin cikakke ba.

Ga dalili. Mai ɗaukar hoto Jack Hildyard ya yi aikinsa ne don allon silima mai faɗi, wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu. Tsohuwar talabijin kuwa kusan murabba'i ce, don haka masu zuba fim a kaset sukan datse gefe da gefe don hoto ya cika akwati. Da VCD ta zo sai ta ƙara da nata: ɗigon hotonta 352 ne a faɗi, 288 a tsaye, kuma fim mai kusan awa uku sai an raba shi faifai uku. Dawaki na sukuwa, ƙura na tashi, kai kuma kana ganin dusu-dusu.

An zaci Blu-ray za ta raba gardama, tunda ɗigonta 1920 ne da 1080. Ina! Faifan da kamfanin Anchor Bay ya fitar a Amurka a 2013 ya zo da hoto datsattse, daidai da allon talabijin na zamani. In aka yi lissafi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin hoton ya tafi. A fim ɗin hira cikin ɗaki wataƙila a haƙura, amma wannan fim ne na fili. Ƙarfinsa yana wurin da za ka ga tankokin Janar Graziani a gefe guda, ƴan tsirarun mahaya a ɗaya gefen, da sararin da ke tsakaninsu. In aka yanke gefen, mai kallo ba zai gane girman abin da mutanen nan suka tunkara ba.

Sai a 2022 kamfanin Shout! Factory ya fitar da shi a faifan 4K, bayan an gyara fim ɗin, kuma da faɗinsa na silima. Baƙin layi da za ku gani sama da ƙasan allo ba lalacewa ba ce, alama ce ta ba a yanke muku komai ba. Ɗigon wannan faifai 3840 ne da 2160, abin da ke fito da zaren jarɗin da mayaƙa ke yafawa, da tamojin fuskar Quinn, da ɗan gilashinsa. Za a ga wani ɗan tsaki-tsaki yana motsi a hoton. Shi ma ba datti ba ne, haka fim ɗin majigi yake, kuma kamfanin da ya goge shi yakan mai da fuskar mutum kamar ta roba. Tsofaffin hotunan tarihi marasa launi da Akkad ya saka, na sansanonin da aka tsare jama'a, suna nan da dishi-dishinsu, kuma gara haka.

Batun sauti, faifan Blu-ray da na 4K suna iya ɗaukar sa ba tare da an matse ba, don haka kiɗan Maurice Jarre da rugugin igwa ba sa danne maganar ƴan wasa kamar a VCD. Amma in lasifikar talabijin kaɗai gare ku, kaɗan za ku ji daga bambancin.

Mai niyyar saye ya lura: faifan 4K sai da na'urarsa ta musamman, ta DVD ba ta karanta shi. Blu-ray ta Amurka kuma sau da yawa a kulle take ga yankin A, alhali Afirka tana yankin B. Shi kuwa faifan kasuwa mai fim goma da aka buga wa "HD" a bango, sunan ne kawai.